Goggo Bintu da Zomayen Gwaji

Gidanmu na Ƙofar Dumi yana cikin wani lungu da mota ba ta shiga, don haka duk wanda ya karye a kafaɗa ake ɗauko shi, ko a baro, ko a kan tsohuwar ƙofa da mutum huɗu suka tallafa. Tun ina ƙarama nakan gane an kawo mai karaya kafin a yi sallama, saboda yadda takun mutanen yake zuwa a haɗe, a hankali.

A hannun Goggo Bintu na tashi, yayar mahaifina. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara huɗu, mahaifina Modibbo kuwa karatu da karantarwa sun cinye masa yini. Asalinmu makiyaya ne. Sai da ciwo ya share garken kakana sannan aka shigo gari aka zauna. Tun a ruga Goggo ta koyi ɗori, a kan 'yan maruƙa ta fara, kafin ta kai ga mutane. Da aka dawo Bauchi ba a yi shekara biyu ba sunanta ya kai Wunti, ya wuce.

Har yau in na ji ƙanshin man shanu a kan wuta, tsakar gidan nan nake gani. Tabarma a gindin bishiyar lemo, tsagin gora a jere, farin tsumma a naɗe, Goggo ta tattare hannun riga. Ba ta kallon wurin ciwo. Rufe ido take yi, ta bi ƙafar da yatsu tun daga sama, tana tambayar mutum sunan garinsu da abin da ya ci da safe. Yana cikin ba ta amsa za ta ja. Ihu ɗaya, shi ke nan. Ta shafa mai, ta jera gora, ta ɗaure, ta faɗi ranar da zai taka. Da wuya ranar ta saɓa.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka kawo Baffa Jalo, ƙaninsu, autan gidan. Lodin shanu yake yi a motar da za ta Kudu, wani bijimi ya yi baya, katakon hawa ya karye, ƙafarsa ta shiga tsakanin ƙarfen mota da ƙasa. Ƙashin ƙwaurin ya farfashe, ya huda fata, wani yanki kamar tsawon ɗan yatsa ya zube a wurin. Abokan aikinsa ba su ma yi tunanin asibiti ba. Ga yayarsa a gida?

Goggo ta ɗora. Kwana arba'in aka kwance, ƙafar tana lilo kamar ba a taɓa ta ba. Ta sake ɗorawa. Kafin a kai ga na uku ɗakin ya fara wari, zazzaɓi ya rufe shi, Modibbo ya ajiye littafinsa ya sa aka ɗauke shi zuwa asibiti. A ƙasan gwiwa aka yanke.

Daga ranar Goggo ba ta ƙara taɓa karayar da ta huda fata ba. Ko an roƙe ta, sai ta ce a wuce asibiti, ta shige ɗaki. Sau ɗaya tak ta taɓa yi mini maganar, wata rana tana dama fura, ba tare da na tambaye ta ba.

"Ni ba na haɗa ƙashi, Juwaira," ta ce. "Kusantar da shi nake yi, shi yake haɗa kansa. Amma in wani yanki ya fita, bakin nan ya yi nisa da wancan, sai kowanne ya rufe kansa ya haƙura. Ba ni da abin da zan sa a tsakani."

Ta ci gaba da damunta. Ni kuwa maganar ta zauna mini.

Baffa Jalo ya warke, aka yi masa ƙafar katako, daga baya ta roba. Ya koma dillancin shanu a bakin mayanka, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya bakwai, kuma ban taɓa ganin mai barkwanci kamarsa ba. Duk Juma'a bayan masallaci yakan zo gaishe da yayarsa. Ta ajiye masa tuwo da man shanu fiye da na kowa, su yi hirar ruga, su lissafa sunayen shanun da suka mutu shekaru aru-aru kamar jiya aka tatse su. Amma idonta ba ya sauka ƙasa da ƙirjinsa. In ya gaji ya kwance ƙafar ya jingine ta da bango, sai ta tuna ta bar wani abu a kan wuta. Shekara ashirin da takwas ana haka, kowa a gidan ya sani, ba mai magana.

Ni dai karatu ya ja ni, har Malesiya, inda na yi digiri na uku a kan kayan da ake sawa a jikin mutum don su taimaka masa ya gyara kansa. Da na dawo na kama koyarwa a jami'a, muka zauna a Gwallameji ni da maigidana da yara, cikin sababbin gidajen nan masu doguwar katanga da ba ka sanin sunan maƙwabcinka. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen ginin sashenmu, da tanda mai zafin gaske, da injin daskarewa wanda ya girme ni a aiki.

Abin da nake son yi shi ne abin da za a sa a tsakani. Mu a ɗakin gwaji soso muke ce masa, don kama yake da soson wanka, sai dai ramukansa ido ba ya ganinsu sosai. In aka cusa shi a gurbin da ƙashi ya ɓace, jini da ƙananan jijiyoyi sukan shiga ramukan, sabon ƙashi ya bi su yana tsirowa daga baki biyu. Shi kuma soson jiki yana cinye shi sannu a hankali, har ya ƙare, ba sai an sake tsaga mutum an ciro shi ba. Ana yin irinsa a ƙasashen waje, amma da kayan da sai an yi odarsu. Ni so nake in yi da abin da ke hannunmu.

Nan Baffa Jalo ya shigo. Na same shi a bakin mayanka na ce ina son ƙashin cinyar bijimai, masu kauri, buhu guda.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Juwairiyya, jirgi kika hau kika je ƙarshen duniya, kika dawo tsintar ƙashi? Da kin faɗa tun farko ai da karnukan nan sun koya miki kyauta."

Amma washegari buhun yana ƙofar ofishina, an wanke kowane ƙashi tas. Nakan dafa su, in kankare, in ƙona a tanda har su yi fari kamar alli, in niƙa, in kwaɓa garin da wani danƙo da ake samu daga fatar shanu, da ɗan ƙaro, in daskarar, in busar. Faɗarsa da sauƙi. Shekara biyu na yi ina zubarwa. Wani ya ruguje a hannu kamar busasshen ƙosai, wani ya narke a ruwan gwaji cikin mako ɗaya, wani ya yi tauri ba ramin da jini zai bi. Sau uku wuta tana ɗaukewa a tsakiyar aiki, komai ya lalace. Wahalar duk a lokaci take: in soson ya narke da wuri, ƙashi ya rasa abin bi, in ya daɗe, ya tare masa hanya.

Da na samu iri biyu da suka yi kyau a kwalba, kwamitin jami'a ya ba mu izinin gwadawa a kan zomaye goma sha biyu. Dakta Cecilia ce ta yi aikin, likitar dabbobi, 'yar Bogoro, mace mai ƙarancin magana da sanyin hannu. Ta sa musu maganin barci, ta cire wa kowanne ɗan yanki daga ƙashin ƙafar gaba, kamar tsawon gaɓar yatsa. Huɗu aka sa musu soso na farko, huɗu na biyu, huɗu aka bar gurbin haka don a kwatanta. Sai jira, mako goma sha biyu.

Ban gaya wa Goggo ba. Ta kusa tamanin a lokacin, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya ta fara cin ɗayan, ta daɗe da ajiye ɗori. Na ji tsoron tayar mata da abin da ya kwanta. Baffa Jalo ne bakinsa ya suɓuce wata Juma'a. Ran Asabar ta aiko a kira ni.

Na same ta a gindin lemon, wanda yanzu rabinsa ya bushe. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"An ce kina karya ƙafar zomaye."

"Ba karyawa ba ne, Goggo. Cirewa ake yi, suna barci, ba sa ji."

"Ki cire, sannan ki yi yaya?"

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ciro wani guntun soso daga jakata na sa mata a tafin hannu. Ta murza shi, ta shinshina, ta ɗan taɓa shi da harshe.

"Ƙashin bijimi ne wannan."

"Shi ne."

"Kuma ya narke a ciki? Ba ya ruɓewa?"

"In an yi shi daidai, ba ya ruɓewa."

Ta ƙara juya shi. Can ta ce, "Yaushe za a kwance?"

"Ba ɗauri, Goggo. Hoton ƙashi za a ɗauka ran Laraba."

"To ran Laraba ki zo ki ɗauke ni."

Rabonta da fita lungun, in ba asibiti ko gaisuwar mutuwa ba, an fi shekara biyar. Ran Laraba da hantsi na tarar ta yi wanka ta yafa farin mayafinta na Idi. Baffa Jalo ma ya zo, ya ce ƙashinsa ne aka yi aiki da shi, dole ya ga abin da aka haifa. Muka taka da ita a hankali har bakin titi inda na bar mota. A hanya tana ta tambayar ina muke. Da na ce mun wuce Wunti, ta ce a da duk mai ɗinkin da ke layin nan ta san shi, ta ɗora wa uku daga cikinsu hannu. Da muka miƙi hanyar Gwallameji ta ce nan ai daji ne, nan suke zuwa yankan ciyawa. Na ce yanzu gidaje ne har inda ido ya tsaya.

Dakta Cecilia ta riga ta ɗauki hotunan da sassafe, suna cikin ambulan, ko ita ba ta zauna ta duba su da kyau ba. Ta durƙusa ta gaishe da Goggo, ta kawo mata kujera. Baffa Jalo, da matakalar ginin ta gajiyar da shi, ya zauna a benci bakin ƙofa, ya kwance ƙafarsa ya ajiye a gefe.

Na ciro hoto ɗaya na ɗaga wa Goggo a hasken taga. Ta matso da fuska, ta karkata kai, ta mayar mini.

"Hayaƙi kawai nake gani. Kawo mini zomon."

Na dubi Cecilia. Ta je ta kawo ruwa da sabulu. Goggo ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta ture safar roba da aka miƙa mata. Aka ɗora mata na farko a cinya, wani fari mai baƙin kunne. Ta shafa bayansa har ya lafa, ta rufe ido, ta kama ƙafar.

Na yi shekaru ban ga wannan fuskar ba. Hannun da yake rawa in ta ɗauki kofi, sai ga shi ya tsaya cak.

"Wannan babu komai," ta ce. "Rami ne, fata ce kawai ta rufe."

Cecilia ta duba lambar da ke kunnensa, ta duba takardarta, ta ɗago ta kalle ni. Yana cikin waɗanda ba a sa wa komai ba. Ta ɗauko biro.

Na biyu, Goggo ta daɗe a kansa. "Ya taso daga nan, ya taso daga nan, sai ya tsaya. Abin da kuka sa masa ya gudu ya bar shi a hanya."

Na uku kuwa, yatsunta suka je suka dawo, suka sake zuwa. Ta matsa kaɗan. Ta buɗe ido.

"Wannan an cire masa kuwa?"

"An cire, Mama," in ji Cecilia. "Ni na cire da hannuna."

"To ya kama. Akwai ɗan tudu a tsakiya, amma ya kama." Muryarta ta sauka. "Ikon Allah. Ya tsallaka."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, Cecilia tana rubutawa. Da aka gama muka baje hotunan muka kwatanta. Goma sha ɗaya ta faɗa daidai. Soso na farko ya narke da wuri, duka huɗun sun tsaya a hanya. Na biyu kuwa uku sun haɗe sarai. Na huɗunsu shi ne inda aka saɓa: Goggo ta ce ya kama, hoto ya nuna wani siririn layi da bai rufe ba. Ta ce injin ne bai iya gani ba. Har ta bar duniya ba ta yarda ta yi kuskure a kan zomon nan ba.

Ni dai na zauna a kan wani akwati. Cecilia tana ta murmushi tana jera hotuna. Sai Goggo ta kira sunana, cikakke, yadda ba ta saba ba.

"Juwairiyya. Da akwai wannan abin a wancan lokacin, da ƙafar Jalo tana nan?"

Na so in ce mata e. Amma ita ta koya mini kada a gaya wa mai ciwo ranar da ba ta tabbata ba.

"Shi kaɗai ba zai isa ba, Goggo. Ciwon Baffa ƙasa ta shiga cikinsa. Sai an wanke shi a ɗakin tiyata, an ba da magani, an riƙe ƙashin da ƙarfe. Kuma wannan nawa bai kai ga mutum ba tukuna. Da sauran shekaru."

"Da an kai shi asibiti a ranar fa?"

"Wataƙila da an tsirar da ita. Ko da ta gajarta."

Ta gyaɗa kai. "Na sani. Tun kwana na goma na sani, yatsuna sun gaya mini. Na ji kunyar a ce Bintu ta ɗora wa duk gari, ta kasa ƙaninta. Sai na ce bari in ƙara kwana biyu."

"Adda," in ji Baffa Jalo daga bakin ƙofa. Ban taɓa jin muryarsa babu wasa a ciki ba sai ranar. "Kin manta ne? Ni na riƙe zanenki na ce kada ki bari su kai ni. Na ce in an kai ni yankewa za a yi."

"Kai ciwo ne yake magana a bakinka. Ni ce mai lafiya."

"To na yafe, in ma akwai abin yafewa. Tun ina kwance a gadon asibiti na yafe. Ke ce ba ki taɓa tsayawa na gaya miki ba, kullum wani abu yana ƙonewa a wuta."

Goggo ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce a matso mata da kujera kusa da benci. Muka ɗaga ta ni da Cecilia. Ta laluba ta sami gwiwarsa, ta gangara zuwa dungun, ta rufe ido kamar yadda ta yi wa zomaye. Baffa ya kawar da kai yana kallon waje.

"Me ye wannan?" ta ce, yatsanta a kan wani wuri. "Robar nan tana cin ka a nan."

"Ta ɗan jima tana yi."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku, ko huɗu."

"Shekara huɗu kana tafiya a kan gyambo, ba ka da baki? Juwaira, gobe ki kai shi inda ake gyara musu ita. Kada ki saurari surutunsa."

Baffa ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ke nan, ya jawo wa kansa.

Bayan wannan ta sake zuwa sau huɗu. Takan zauna kusa da kejin zomayen, Cecilia tana miƙo mata zomaye, ita kuma tana kama yatsun Cecilia tana ɗora su inda ya kamata, tana faɗa mata ta daina danna ƙashi kamar mai zaɓen tumatir. Wani lokaci aikin ya tsaya, hira ta ɓarke, ta ba mu labarin wata saniya mai suna Wule da ta karye a bakin rafi, ta ɗora mata tana 'yar shekara goma sha uku, kakana yana tsaye da wuƙa yana jiran ta kasa.

Cikin watan Sha'aban na shekarar da ta biyo ta kwanta, kwana shida, ta rasu da rana tsaka, kanta a cinyata. Mutanen da suka zo gaisuwa sun cika lungun har titi. Da yawa ban san su ba. Wani tsoho ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini, wata mata ta ɗaga ƙafar ɗanta wanda shi ma yanzu furfura ta fara fito masa. Cecilia ta zo kwana uku a jere, ta zauna cikin mata da ɗankwalinta, ta ce mini yanzu in ta taɓa ƙafar zomo goma da yatsu tana gane bakwai daidai.

Da muka rubuta sakamakon don mujallar masana, Cecilia ta dage sai an sa sunan Goggo a wurin godiya, aka sa. Aikin kuwa yana nan yana tafiya a hankali. Soso na biyu ma sai da muka sake masa kwaɓi, don ba ya ɗaukar nauyi yadda ake so, kuma zomo ba shi da nauyin da zai gwada shi. An ba mu izinin matsawa zuwa tumaki. Ban san ko zan ga ranar da za a sa wa mutum ba, ko sai ɗalibaina.

Makon jiya muka je kasuwar dabbobi da Baffa Jalo zaɓen tumakin. Shida muke nema. Ya hana ni buɗe baki, ya bi su yana duba haƙora yana ɗaga ƙafafu, ya mayar da biyu da dillalin ya rantse a kansu, ya ce ɗaya tana tari, ɗaya kuma ta tsufa. Har azahar huɗu kawai muka samu da suka yi masa. Ya ce sauran sai kasuwa ta gaba, kuma in zo da wuri.